Siminti ya sauka a takarda, amma masu kayan gini a Filinge suna nan suna jiran mai saye

A tsakiyar watan Oktoban 2024 shugaban mulkin sojan Nijar, Janar Abdourahamane Tiani, ya sa hannu a kan dokar da ta rage kuɗin siminti da kusan kashi 35 cikin ɗari. An ƙayyade tan guda na siminti mai lamba 32.5 a kan jika 55 na sefa a Yamai, jika 51 a Tawa inda masana'antun suke, har zuwa jika 59 a jihohi masu nisa irin su Agadas da Diffa. A madadin haka gwamnati ta ɗauke wa masana'antun wasu haraji. Dalilin da aka bayar ba ɓoyayye ba ne: damanar 2024 ta zo da ambaliyar da ta kashe fiye da mutum 300, ta shafi sama da miliyan guda, ta rushe gidaje dubbai, ta kayar da tsohon masallacin Damagaram, ta kuma sa aka ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba. Mutane na bukatar sake gini, gwamnati ta ce ga sauƙi.

An yi murna da matakin, kuma ya cancanci murna. Sai dai a gari irin Filinge, hedikwatar ƙasar Kurfai a jihar Tillaberi, mai tazarar kilomita kusan 180 arewa maso gabas da Yamai, dokar ba ta dawo wa shagunan kayan gini da cinikin da suka saba ba. Siminti abu ɗaya ne cikin abubuwan da ɗaki yake ci, kuma shi kaɗai dokar ta taɓa. Sauran kayan suna zuwa ne ta hanyar da ta ƙara tsawo tun 2023. Abin da ya fi wannan nauyi, aljihunan da suke ciyar da waɗannan shaguna sun motse kusan a lokaci guda.

Daga Malbaza zuwa bakin shago

Tan guda buhu 20 ne na kilo 50. Jika 55 ke nan buhu ya kama sefa 2,750 a Yamai. Mafi ƙarancin albashi a Nijar, bayan ƙarin da ya fara aiki a Janairun 2024, jika 42 ne a wata. Wanda ke kan wannan albashi, in ya haƙura da ci da sha na wata cur, buhu 15 zai ɗauka. Wannan a farashin da aka rage ke nan, kuma a babban birni. Yawancin mutanen Kurfai ma ba su da albashin. Gero da wake da dabba su ne bankinsu.

Simintin Nijar a jihar Tawa ake yin sa. Akwai masana'antar Malbaza, wadda aka buɗe sabon sashenta a 2019 da ƙarfin tan 650,000 a shekara, da kuma ta Badagishiri. A taswira Filinge ba ta yi wa Tawa nisa ba, amma babbar mota ba taswira take bi ba, kwalta da tsaro take bi. Hanyar da direba ya fi natsuwa da ita ita ce ta kudu: Konni, Dogon Dutsi, Doso, sannan a hauro arewa ta Baleyara da Bonkuku. Ƙaramin ɗan kasuwa wanda ba shi da ƙarfin cika tirela daga masana'anta, a wajen manyan dillalan Yamai yake sarowa. Yana biyan masu loda, yana biyan mota, yana biyan masu saukewa, ga buhun da ya fashe a hanya, ga abin da ake bari a shingaye. Dokar ta sa farashi jiha-jiha, amma jihar Tillaberi ta taso tun daga iyakar Burkina Faso har iyakar Mali, kuma farashi ɗaya ba zai yi wa mai shago a Kollo, da ke bakin Yamai, da mai shago a Filinge ko Abala daidai ba.

Idan aka ƙayyade farashi a ƙasa da abin da kaya ke ci kafin su iso, ɗan kasuwa hanya biyu ta rage masa. Ko ya sayar sama da ƙa'ida yana waige, ko ya daina kawo kayan. Dukkansu mai saye ne ke ɗauka. Ragin kuɗin mai da aka yi a Yulin 2024, wanda ya mayar da litar fetur 499 da ta gas 618, ya ɗan taimaka wa masu motoci, amma ƙarancin man da aka shiga a watan Maris na 2025 ya nuna cewa farashin hukuma wani abu ne, samun kayan kuma wani abu daban.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba: siminti 32.5 na yin bulo ne da shafe da daɓe. Mai lamba 42.5, wanda injiniyoyi suka fi so wajen zuba ginshiƙi da dakin, ba shi dokar ta ambata ba.

Kwano da rodi ba su san da dokar ba

Mutumin ƙauyen Kurfai da ya shigo kasuwa da kuɗin wake ba tan na siminti ya zo nema ba. Bangonsa na ƙasa ne, shi da 'yan'uwansa suka buga tubalin. Abin da yake nema bandir ɗin kwano ne, da katakon rufi, da ƙusa, da ƙofar ƙarfe da taga, da kwaɗo, sai buhu biyu ko uku na siminti don daɓe da shafe gindin bango. Wanda ya fi shi ƙarfi ya ƙara da rodi, da fenti, da bututun ruwa, da wayar lantarki. Kusan duk waɗannan daga waje suke zuwa, ko kuma ƙarfen da ake sarrafa su da shi ne ke zuwa daga waje.

Kafin juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, mafi yawan kayan da Nijar ke shigowa da su ta ruwa a tashar Kwatano suke sauka, su yi tafiyar kilomita kusan 1,000 zuwa Yamai ta gadar Malanville da Gaya. Kwana huɗu bayan juyin mulkin ƙungiyar CEDEAO ta rufe iyakoki. Ta ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairun 2024, Najeriya da Nijar suka buɗe tasu iyakar a watan Maris, Benin ta buɗe nata ɓangaren, amma hukumomin Yamai suka bar gadar Gaya a rufe bisa zargin cewa ana shirya musu maƙarƙashiya daga can. Kaya suka koma tashar Lome, su ratsa Togo, su ratsa Burkina Faso ta Kaya da Dori, su shigo ta Tera cikin ayarin motoci da rakiyar soja.

Tsawon hanyar ba shi ne babbar asarar ba. Jira ne. Motar da ke jiran a haɗa ayari makonni take yi a tsaye, mai ita yana lissafa kwanakin, direba da yaron mota suna cin abinci, mai kaya kuma jarinsa na ɗaure. Dillalin da yake juya kuɗinsa sau da yawa a shekara ya koma juya su sau kaɗan, don haka dole kowane juyi ya ɗauki ribar da ta fi ta da. Shinkafa da magani akan yi musu hanzari don ciki da rai ba sa jira. Kwano da rodi kaya ne masu nauyi da cin wuri, kuɗin mota kaso ne babba a farashinsu, kuma babu wanda zai yi zanga-zanga don sun makara. A watan Maris na 2025 ƙasashen AES uku, Nijar da Mali da Burkina Faso, sun ƙara harajin kashi 0.5 cikin ɗari a kan kayan da ke shigowa daga wajen ƙawancen. Ba shi da yawa, amma a kan kaya ya hau.

Najeriya ta rage zafin abin. Faɗuwar naira ta sa mai riƙe da sefa ya zama mai ƙarfi a kasuwannin Sakkwato da Kano, kuma ƙusa da fenti da kayan famfo da yawa daga can suke. Amma can ma wutar ta kama. A Fabrairun 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a garuruwa da dama, har sai da gwamnatin tarayya ta zauna da Dangote da BUA da Lafarge aka amince da naira 7,000 zuwa 8,000. Abin da sefa ta ci a canji, tsadar Najeriya ta karɓe wani ɓangare nasa.

Aljihu uku

Ciniki a shagon kayan gini na ƙasar Kurfai yana da lokacinsa. Daga kaka zuwa bazara ake gini, lokacin da rumbu ya cika, tabkuna ba su ƙafe ba ana samun ruwan kwaɓa ƙasa, ana kuma shirin bukukuwan aure, tunda ango ba ya tarewa sai da ɗaki. Kuɗin da ke shiga shagon daga wuri uku suke fitowa: gona da garke, 'yan cirani, da kwangila.

Manomi ya sha wahala ta fuska biyu. A tsakiyar 2024 hauhawar farashi a Nijar ta haura kashi 15 cikin ɗari, kuma abinci ne ya ja ta. Duk abin da gida ya samu tukunya ta cinye. A Oktoban shekarar, cikin makon da aka rage kuɗin siminti, gwamnati ta hana fitar da gero da dawa da masara da shinkafa da wake zuwa ƙasashen da ba na AES ba. Damana ta yi kyau, hatsi ya sauka a 2025, mutanen birni suka numfasa. Amma wake shi ne amfanin kuɗi na manomin wannan yanki, kuma babbar kasuwarsa Najeriya ce. Idan buhun wake ya faɗi kwano bai faɗi ba, ɗakin da ake rufewa da buhu kaɗan ya koma cin buhuna da yawa. Wannan lissafin kowane magidanci ya iya shi ba tare da alƙalami ba.

Dabba ma haka. Kurfai ƙasar kiwo ce. A Tukunus, arewa da Filinge, gidan gonar gwamnati yake na shanun Azawak, kuma kasuwar Lahadi ta Baleyara na cikin manyan kasuwannin dabbobi na yammacin ƙasar. Dillalan Najeriya su ne ke ɗaga farashi a irin waɗannan kasuwanni. Da naira ta karye, hannunsu ya yi sanyi. Ga kuma satar shanu da harajin dole da 'yan bindiga ke karɓa da sunan zakka a arewacin jihar.

Aljihu na biyu shi ne wanda masu karatun wannan shafi suka fi sani. Gidajen siminti da ke tsaye a ƙauyukan Kurfai, da yawansu da gumin Kwatano da Lome da Akra da Abijan da Legas da Libiya aka yi su. Ɗan cirani ya aiko ta Nita ko Al Izza, ƙanensa ya karɓa, ya tafi shago. Kafin Yunin 2023 dala guda tana kan naira 460 da 'yan kai a farashin hukuma. A 2024 ta haura 1,500. Sefa kuwa a ɗaure take da yuro. Wanda ke tara naira a Legas ya ga abin da yake aikowa gida ya narke a hannun mai canji, alhali haya da abinci a can sun ninka. Na Kwatano sai ya hau kwalekwale a Malanville kafin ya taka ƙasarsu, kuma kayan da a da yake ɗorowa a mota ya zo da su, yanzu sai an sauke an ɗora an sake saukewa. A Abijan rushe-rushen unguwanni da hana talla a manyan tituna a 2024 sun taɓa ƙananan 'yan kasuwa baƙi. Aljeriya kuma ta zubar da fiye da mutum 30,000 a iyakar Assamaka cikin 2024 kaɗai, 'yan Nijar da 'yan wasu ƙasashe. Kuɗi ba su daina zuwa ba. Amma idan sun ragu, uwa da yara ake fara ciyarwa, gini ya jira baɗi.

Na uku kwangila. Ajin makaranta, ɗakin shan magani, rijiya, magewayi, rumbun tsimi: waɗannan su ne ke kwashe kaya da yawa a lokaci guda, su ne kuma ke ba mai shago ƙarfin yi wa talaka bashi. A Oktoban 2023 gwamnati ta zaftare kasafin kuɗin shekarar da kashi 40 cikin ɗari, daga biliyan 3,291 na sefa zuwa 1,981, bayan masu ba da tallafi sun janye. Bankin Duniya da asusun IMF sun dawo a 2024, amma ƙungiyoyin agaji sun ragu: an dakatar da Acted a Nuwamban 2024, an umarci ƙungiyar Red Cross ta ƙasa da ƙasa ta fice a Fabrairun 2025, Amurka kuma ta rufe yawancin ayyukan USAID a shekarar. Ko mene ne ra'ayin mutum a kan siyasar waɗannan matakai, a shagon kayan gini ma'anarsu ɗaya ce: babu mai zuwa da takardar odar tan goma.

Wa zai zuba siminti a inda bai tabbata zai kwana ba?

Tun 2017 sassan jihar Tillaberi, har da Abala da Banibangu maƙwabtan Filinge, suke ƙarƙashin dokar ta-ɓaci. A farkon 2020 aka hana hawa babur a jihar don 'yan bindiga da shi suke kai hari. Ga mutumin ƙauye babur shi ne motar haya, shi ne motar asibiti, shi ne ke ɗauko buhun siminti da ƙullin ƙusa. Ranar 15 ga Maris na 2021 aka tare motocin da ke dawowa daga kasuwar Banibangu aka kashe mutum 58. Bayan irin wannan, zuwa kasuwa ya zama shawara da ake yi da iyali.

Gini alkawari ne da mutum ke yi da wuri. Wanda yake jin labarin ƙauyen da aka ba kwana uku su tashi ba zai sayar da sa ya sayi rodi ba. Sa yana tafiya da ƙafarsa, bango ba ya tafiya. Ɗan ciranin da ya tara abin kirki yakan gwammace ya sayi fili a bayan garin Yamai, ko aƙalla a cikin garin Filinge, ya bar gidan gado yadda yake. Kuɗin Kurfayawa na nan suna sayen siminti, amma a wani shagon, a wani garin. Waɗanda suka gudo cikin gari kuwa sun ƙara yawan jama'a ba su ƙara ciniki ba, don zana da leda suke nema.

Mai shago yana jurewa ne ta hanyar da ya iya. Yana rage kayan da ke daɗewa a kanta, irin su tayil da fenti mai tsada. Yana sayar da siminti a kwano-kwano, ƙusa a ƙirge, kwanon rufi falle-falle. Kwano mai kauri ya ba da wuri ga marar kauri, wanda iskar farkon damana ke naɗewa kamar tabarma. Bashi ya yi yawa a littafi, kuma mai bin bashin ɗan'uwa a garin da kowa ya san kowa ba ya iya ɗaga murya. A bayansa akwai layin mutanen da ba a lissafa su: magina, masu buga bulo, masu walda, kafintoci, masu amalanken jaki da ke ɗebo yashi da ruwa. Idan gini ya tsaya, samarin nan su ne ke cika motar Yamai da ta Agadas.

Ba a Nijar kaɗai masu kayan gini suka ga raguwar ciniki ba. A Amurka cinikin Home Depot, mafi girman kantunan kayan gyaran gida a duniya, ya ragu da kashi 3 cikin ɗari a 2023, a Ingila kuma kamfanin Homebase ya durƙushe a Nuwamban 2024. Can kuɗin ruwan banki ne ya hau, mutane suka ɗage sabunta kicin da banɗaki. Ko'ina gini ne farkon abin da ake jinginewa idan aljihu ya yi zafi. Bambancin shi ne abin da aka jingine: a can ado ne, a Kurfai rufin da zai tare ruwan Agusta ne.

Abin da aka fara a Shikal

Akwai wani abu da tarihi ya ajiye a wannan ƙasa wanda ya dace a tuna. A 1980, a ƙauyen Shikal na Kurfai, ƙarƙashin shirin Tapis Vert, ƙungiyar Development Workshop ta fara koya wa magina yin rufin ƙubba da na baka da tubalin ƙasa zalla, ba azara, ba kwano, ba siminti. Dabarar daga Nubiya ta Masar ta samo asali, kuma manufar farko ita ce a huta da sare itatuwan da fari ya riga ya cinye. Daga Shikal ta bazu zuwa wasu sassan Nijar da Mali da Burkina Faso da Muritaniya, aka san ta da gini ba katako. Ɗakin ya fi na kwano sanyi a watan Afrilu, kuma kusan duk kuɗinsa a hannun magini da lebura na gari suke tsayawa, ba a tashar Lome ba.

Ba maganin komai ba ne. Yana son magini da ya ƙware, yana son gyaran shafe kafin kowace damana, kuma ambaliyar 2024 ta tsorata mutane da duk abin da aka yi da ƙasa. Amma gidajen da ruwa ya fi kayarwa su ne waɗanda aka gina a kwari da hanyar ruwa, marasa tushe mai ƙarfi, waɗanda ruwa ya kwanta a gindinsu kwana da kwanaki. Garuruwan da ke cikin Dallol Bosso, Filinge na cikinsu, sun san wannan matsala. A nan ne simintin da aka rage wa kuɗi zai fi amfani: tushe na dutse da siminti, indararo mai kyau, shafen gindin bango, sauran kuma ƙasa. Buhu biyar a wurin da ya dace sun fi buhu hamsin da ba za a taɓa iya saye ba. Akwai kuma matsalar ido: saurayin da ya dawo daga Abijan yana son a ga kwano yana walƙiya, kuma dangin amarya ma haka.

Gwamnati ta nuna tana iya sauke farashi da sa hannu ɗaya idan kayan a gida ake yin su. A kan kwano da rodi ba ta da wannan iko, sai dai ta hanyar haraji da hanya, kuma gajeriyar hanyar ita ce gadar Gaya. Abin da ke hannunta a kusa ya fi sauƙi: farashin siminti da ya san bambancin hedikwatar jiha da gundumomi masu nisa, wurin ajiya na masana'antun a Filinge ko Baleyara don ƙananan 'yan kasuwa su huta da zagayen Yamai, da kuma sake duba hanin fitar da wake a shekarar da rumbuna suka cika. Ƙananan hukumomin Filinge, Kurfai ta Tsakiya, Imanan da Tondikandiya kuma suna da azuzuwan zana da ake sake ɗaurawa duk shekara. Kowane ɗaya da aka mayar na tubali aiki ne ga magini, oda ce ga mai shago, kuma jikokin waɗanda suka koyi ɗaura ƙubba a Shikal suna nan kusa.